Suyar Sinawa a gida ga wanda likita ya hana cin alkama

Tambaya: Maigidana ɗan kasuwa ne da ya shafe shekaru yana zuwa Guangzhou saro kaya, kuma a can ya saba da irin suyar nan ta Sinawa, ta nama da ganye, wadda ake gamawa cikin 'yan mintoci. Bana likita ya tabbatar yana da cutar siliyak, ya hana shi duk abin da ke da gulutin. Na gwada yi masa suyar a gida, na haɗa da shinkafa, babu taliya babu fulawa, amma ciwon cikin ya dawo, kuma suyar ma ta tsinke ta yi ruwa kamar miya. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan gyara?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Ko da ban shiga madafinki ba, da wuya idan ba kwalbar soya sos ce ta dawo da ciwon ba, domin a nan ne kusan duk wanda ya zo mini da irin wannan ƙorafi yake yin tuntuɓe. Ruwan da suyar ta yi kuwa magana ce ta wuta da yawan abin da aka zuba a kasko lokaci guda. Zan fara da abin da ya shafi lafiya, tunda shi ne ba ya jira.

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, kuma shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya riƙa miƙewa idan an ja shi. A jikin mai siliyak, garkuwar jiki tana ɗaukar wannan furotin a matsayin abokin gaba, sai ta afka wa bangon ƙaramin hanji ta lalata 'yan tsirorin da ke tsotse amfanin abinci, daga nan gudawa da kumburin ciki da rama da ƙarancin jini su biyo baya. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da ita a duniya. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙarta da alkama, bayan ya lura cewa yaran da yake jinya sun sami sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka kuma koma gidan jiya da burodin ya dawo. Abin da nake so ki riƙe shi ne ƙanƙantar abin da ke cutarwa. Ƙa'idar da Turai da Amurka ke bi ita ce, ba a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, kuma bincike ya nuna miligiram 50 a kowace rana, wato abin da ke cikin gutsuren burodin da bai kai giram ɗaya ba, ya isa ya ci gaba da lalata hanji. Zafin wuta kuma ba ya kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce, don haka babu tsawon suyar da za ta fitar da shi daga abinci.

Ita kanta hanyar suyar, wadda Sinawa ke kira chao, ba ta da wata alaƙa da alkama. Kasko ne mai tsananin zafi, da ɗan mai, da nama da ganye da aka yanka ƙanana, ana juyawa ba tsayawa. Arewacin Sin ƙasar alkama ce, ta taliya da burodin turare, amma kudancinta, inda Guangzhou take, shinkafa ce abincin yau da kullum, kuma masu girkin can da sitacin masara ko na dankalin turawa suke ɗaure romo, ba da fulawa ba. Saboda haka girkin da maigida ya saba da shi yana cikin mafi sauƙin gyarawa. Alkamar tana ɓoye ne a cikin kwalabe.

Sunan soya sos yana yaudarar mutane, domin ana zaton waken suya ne zalla da gishiri. A haƙiƙa ana haɗa dafaffen wake da alkama, a sa musu wani irin naman gwari ya tsiro a kansu, sannan a jiƙa cikin ruwan gishiri na tsawon watanni. A na Japan alkamar takan kai kusan rabin haɗin, a na Sin takan yi ƙasa da haka, amma tana nan a cikin nau'o'in biyu da ake girki da su, wato mai haske da ake kira shengchou wanda ke ba da gishiri, da mai duhu da ake kira laochou wanda ke ba da launi. Za ki ji wasu suna cewa tsimawar da ake yi ta riga ta farfasa gulutin ɗin, don haka babu komai. Gaskiya ne tana farfasa shi, amma na'urorin gwaji na yau ba sa iya auna farfasassun gutsattsarin da kyau, shi ya sa a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa abincin da aka tsima ba zai ɗauki shaidar rashin gulutin ba sai kayan da aka fara haɗa shi da su ba su da gulutin tun farko. Ga wanda likita ya tabbatar wa da siliyak, wannan ra'ayin nake bi, ban ga dalilin yin caca da hanjin mutum saboda cokali biyu na ruwan ɗanɗano ba.

Madadinsa mafi kusa shi ne tamari, wani nau'in soya sos na Japan da ake yi da wake kusan zalla. Na ce kusan ne saboda wasu kamfanoni suna ɗan sa masa alkama, don haka sunan kaɗai bai isa shaida ba, sai kin karanta jerin kayan haɗi da ke jikin kwalbar. Kamfanin San-J yana yin tamari mai shaidar rashin gulutin, Kikkoman ma yana da kwalba ta musamman mai wannan shaidar, wadda ta bambanta da tasa ta yau da kullum da ke da alkama. A rubutun Turanci ki nemi “gluten free”, ki guje wa duk inda kika ga “wheat” ko “barley” ko “rye” ko “malt”; idan kayan Nijar ne ko na wata ƙasa mai Faransanci, “sans gluten” shi ne abin nema, “blé” da “orge” da “seigle” su ne abin gudu. Tamari ya fi soya sos na Sin kauri da nauyin ɗanɗano, saboda haka ki fara da kaɗan ki ɗanɗana. Wurin mai duhun kuwa, ki narka ɗan gutsuren mazarƙwaila cikin cokali biyu na tamari a kan wuta mai sanyi har ya ɗan yi kauri, zai ba naman wannan jan launi mai sheƙi da ake gani a gidajen abincin can.

Sauran kwalaben ma kowace da tata. Sos ɗin kawa, wato “oyster sauce”, wanda Lee Kum Sheung ya fara sayarwa a 1888 a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, kuma ya zama ginshiƙin girkin yankin, yawanci ana sa masa fulawa, ko da yake kamfanin Lee Kum Kee da ya gada yana fitar da wanda ba shi da gulutin a kwalba daban. Sos ɗin hoisin mai zaƙi shi ma sau da yawa yana da alkama. Jan kwaɓin wake da barkono na lardin Sichuan, wato doubanjiang, da fulawa ake tsima waken nasa. Baƙar binegar Zhenjiang ana yin ta da dusar alkama, sai ki maye gurbinta da farar binegar shinkafa da ɗan ɗigon ruwan tsamiya, wanda ke kawo wannan tsami mai zurfi. Giyar girki ta Shaoxing da littattafan girkin Sin ke yawan ambata tana da alkama a cikin abin da ake tsima ta da shi, ga shi kuma giya ce, don haka ta fita ta fuska biyu. Aikinta shi ne kashe ƙarnin nama, kuma ruwan ɗanyar citta da aka goga aka matse yana yin wannan aikin daidai gwargwado. Haka nan idan kika ga wani abu mai kama da nama a gwangwani da ake sayar wa masu ƙin cin nama, mai suna mianjin ko seitan, to gulutin ne tsantsa da aka wanke daga kwaɓin fulawa.

Idan tamari ya gagara samu a garinku, ko tsadarsa ta yi yawa, ba a rasa mafita ba. Sinawa suna da wani baƙin waken suya da suke tsimawa da gishiri, douchi, wanda ya daɗe ƙwarai, har an same shi a wani kabari na zamanin daular Han a Mawangdui da ya haura shekara 2,100. Duk wanda ya shinshina douchi zai tuna da daddawa, domin dukansu wake ne da aka bari ya ruɓa da gangan har furotin ɗinsa ya koma ɗanɗano. Daddawar kalwa ko ta waken suya ba ta da gulutin a asalinta. Ba zan ce miki za ta zama soya sos ba, ƙamshinta ya fi ƙarfi kuma ba ta da wannan ɗan zaƙin, amma idan kika daka rabin ƙaramin cokali da tafarnuwa da citta kika fara soya su a mai, za ki sami abin da ya yi kusa da suyar nama da baƙin wake ta mutanen Guangzhou. Sai ki cike da gishiri da romon ƙashin kaza da kika dafa da kanki. Ruwan kifi na kwalba, wanda mutanen Chaozhou a gabashin Guangdong ke girki da shi, galibi kifi ne da gishiri kawai, shi ma ƙaramin cokali ɗaya yana ɗaga suya, bayan an duba takardarsa.

Dunƙulen magi sai an karanta kowane iri, domin haɗinsa yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma akwai masu fulawa. Magin ruwa na kwalba ya fi zama abin tuhuma, tunda da yawansa daga furotin ɗin alkama ake yin sa. Abin mamaki shi ne farin magi, wanda mutane suka fi tsoro, ba shi da gulutin. Kamannin suna ne tsakanin gulutamet, wato sinadarin farin magi, da gulutin ke rikita mutane, kuma rikicin yana da tushe a tarihi, domin bayan Kikunae Ikeda ya gano sinadarin a Japan a 1908, daga gulutin ɗin alkama aka fara haƙo shi. Yau da rake ko rogo ko masara ake yin sa.

Akwai kuma hanyar da alkama ke shiga abinci ba tare da an zuba ta ba, kuma ina zargin ta a gidaje da yawa fiye da yadda ake zato. Injin niƙa na unguwa da ya gama niƙa alkama kafin a zuba masarar ki ko barkononki ya riga ya gauraya su. Garin yaji da kori da ake aunawa a kasuwa babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka ƙara musu don su yi auki, gara ki sayi citta da barkono da masoro ɗanyu ko busassu ki daka a turmin da kika ware. Rariyar tankaɗen fulawa ba ta wankuwa gaba ɗaya, haka muciya da katakon yanka da suka tsattsage. Man da aka soya fanke ko cincin a ciki ya haramta ga maigida ko da an tace shi. Tukwanen ƙarfe masu santsi da cokula da faranti kuwa, sabulu da ruwa sun ishe su, babu buƙatar ki sake kayan madafi gaba ɗaya. Amma kaskon suyar nan, tunda ba a cika dirje shi da sabulu ba, ki ware shi ga abincin maigida, kada a taɓa soya taliya a cikinsa.

Yanzu ga maganar ruwa. Murhun gidan abinci a Sin yana ba da zafin da ya ninka na gas ɗin gida sau goma ko fiye, shi ya sa duk ruwan da nama ko ganye ya fitar yake ƙonewa nan take, abincin ya ɗauki wani ƙamshi mai kama da hayaƙi da mutanen Guangzhou ke kira wok hei, wato numfashin kasko. A gida, da zarar kin juye rabin kilo na nama mai sanyi a kasko, zafin ƙarfen ya faɗi, naman ya saki ruwansa, sai ki koma dahuwa alhali suya kika nufa. Maganin shi ne ki rage yawa. Kada abin da ke cikin kasko ya wuce giram 250 zuwa 300 a lokaci guda a kan gas, idan iyali na da yawa ki yi sau biyu ko uku, kowane zubi minti biyu ne kawai. Idan kina da kurfoti, gawayin da ya ruru aka kuma yi masa fifita ya fi gas ɗin gida zafi nesa ba kusa ba, kuma kasko mai zagayayyen gindi yana zama a kansa daram. Ni a kan gawayi nake yin suyar da na fi alfahari da ita. Kaskon da ya dace shi ne na baƙin ƙarfe marar kauri, mai faɗin kimanin santimita 35. Siffarsa ba ta da nisa da ta kaskon tuyar ƙosai. Ki guji wanda aka shafe da abin hana kamawa, domin ba ya jure irin wannan zafin.

Ƙa'idar masu girkin Sin ita ce kasko ya yi zafi kafin mai ya shiga. Ki ɗora shi babu komai har sai ɗigon ruwa ya riƙa birgima a kansa kamar ƙwallo maimakon ya tsaya yana tafasa, sannan ki zuba babban cokali biyu na man gyaɗa ki jujjuya ya game bango. Man gyaɗa shi ne wanda kudancin Sin ma suka fi so, yana jure zafi. Man riɗi na soyayyen riɗi kuwa na ƙamshi ne, a ƙarshe ake ɗiga shi bayan an sauke, idan aka soya da shi yana ɗaci.

Naman shanunmu ya fi na can tauri, saboda dabbar da ta yi tafiyar kiwo ba ɗaya take da wadda aka turke ba, don haka yanka da jiƙo suna da muhimmanci. Ki sa tsokar a firiza na rabin awa ta ɗan daskare, sannan ki yanka ta sala-sala, kaurin bai wuce na tsabar kuɗi biyu a haɗe ba, kuma ki gitta wuƙar a kan zaren naman, kada ki bi tsawonsa. Ga giram 300, ki zuba babban cokali ɗaya na tamari, biyu na ruwa, ƙaramin cokali ɗaya na ruwan citta, da rubu'in ƙaramin cokali na bekin soda, ki cuɗa da hannu har naman ya shanye ruwan. Sai ki barbaɗa ƙaramin cokali biyu na sitacin masara ki sake cuɗawa, ki rufe da babban cokali ɗaya na mai, ki ajiye minti ashirin zuwa talatin. Bekin soda yana yin aikin da kanwa ke yi wa wake, yana hana zaren naman ɗaurewa idan ya ji wuta, amma idan ya yi yawa naman zai yi ɗanɗanon sabulu. Kada ki ɗauko bekin foda a madadinsa, aikinsu daban, kuma wasu nau'o'in bekin foda da sitacin alkama ake gauraya su. Sitacin kuwa yana yi wa kowane yanka siririyar riga da ke tsare ruwan cikinsa, ita ce sirrin laushin naman gidajen abincin Sinawa. Wanda ake sayarwa da sunan kwanfulawa galibi na masara ne, amma ki tabbatar a jikin kwalin. Sitacin rogo ma yana yi, sai dai romonsa ya fi yauƙi. Kaza ba ta buƙatar bekin soda, sitaci da ɗan farin ƙwai sun ishe ta.

Romon suyar a kofi ake haɗa shi tun kafin a kunna wuta, domin da an fara babu lokacin neman cokali. Wanda nake koya wa ɗalibaina shi ne babban cokali biyu na tamari, huɗu na romon kaza ko ruwa, ƙaramin cokali ɗaya na binegar shinkafa, ɗaya na sukari, da ɗaya na sitaci. Wannan ya ishi giram 300 na nama da kimanin haka na kayan lambu. Sitacin yana kwanciya a gindin kofi, sai an sake motsawa daf da zubawa.

Mu ɗauki naman sa da koren tattasai da albasa, wanda na tabbata maigida ya sha ci. Ki shimfiɗa naman a kasko mai zafi, ki ƙyale shi kamar daƙiƙa talatin zuwa arba'in ba tare da taɓawa ba har gindinsa ya yi ja, sannan ki juya na wani minti ɗaya, ki kwashe tun da sauran ɗan ja a cikinsa. Ki ƙara ɗan mai, ki jefa yankakkiyar citta da tafarnuwa da farin gindin albasa mai lawashi, daƙiƙa goma sun isa, da sun yi ƙamshi ki zuba albasa da tattasai ki yi ta juyawa minti ɗaya da rabi. Ki maido da naman, ki zuba romon ta gefen kaskon yadda zai gangaro a kan ƙarfe mai zafi ya yi ƙara kafin ya isa abincin, domin wannan ɗan ƙonewar tamari a bango ita ce rabin ƙamshin da ake nema. Cikin daƙiƙa ashirin zuwa talatin romon zai yi kauri ya yi sheƙi ya manne wa naman. Ki sauke, ki watsa lawashi, ki ɗiga man riɗi. Idan kika tarar da tafki a gindin faranti bayan an ci, ko dai wutar ta yi sanyi ko ganyen ya shiga da ruwan wanki a jikinsa.

Wannan na ƙarshen kuskure ne da ake yawan yi. Duk ganyen da za a soya sai ya tsane sarai, a baza shi a tire ko a goge da tsumma mai tsabta. Masu tauri irin su karas da koren wake a tsoma su a tafasasshen ruwan gishiri na minti ɗaya tukuna, a tsane, sannan su shiga kasko, in ba haka ba wajensu zai ƙone cikinsu ɗanye. Ba sai kin nemi ganyen Sin mai tsada a manyan kantuna ba. Alayyafo da ganyen dankalin Hausa duka Sinawa suna cin su, da tafarnuwa da gishiri kawai suke soya su, babu soya sos ko kaɗan, kuma kabeji da aka yayyaga da hannu aka soya da busasshen barkono da ɗan binega abinci ne na kowane gida a can.

Akwai girke-girken da tun asali ba su dogara da kwalba ba, kuma da su nake ba da shawarar a fara. Na farko suyar tumatir da ƙwai, wadda kusan kowane yaro a Sin da ita yake fara koyon girki: a soya ƙwai huɗu sama-sama a kwashe, a soya tumatir uku da gishiri da ɗan sukari har su saki ruwa, a maido da ƙwan a juya. Na biyu awara, wadda ita ce tofu ɗin Sinawa ba wani bambanci. Ki sayi ɗanya ko ki yi da kanki, ki matse ruwanta, ki barbaɗe ta da sitaci ki soya har ta yi ɓawo, sannan ta shiga romon da na bayyana. Soyayyiyar awarar bakin titi ba a san abin da aka riga aka soya a cikin man nata ba. Kazar gongbao ta Sichuan, wadda ta samo sunanta daga muƙamin Ding Baozhen, gwamnan lardin a ƙarni na 19, ita ma tana karɓar gyara cikin sauƙi: kaza yankan ƙananan murabba'i, busasshen barkono, lawashi da soyayyar gyaɗa, sai a ninka binega da sukari a romon ya zama mai tsami da zaƙi. Barkonon Sichuan da ke sa harshe ya yi zir, wanda dangin fasaƙwari ne, ba shi da gulutin, idan maigida yana da shi a ajiye ki sa kaɗan.

Abin haɗawa mafi aminci shi ne farar shinkafa, kuma haka ake ci a Guangzhou. Shinkafa mai danƙo ma babu gulutin a cikinta, danƙonta daga irin sitacinta ne. Don soyayyar shinkafa ki yi amfani da wadda ta kwana a firji, wadda ƙwayoyinta suka bushe suka rarrabu, amma ki baza ta ta huce da wuri ki sa a sanyi cikin awa ɗaya ko biyu da saukewa, domin shinkafar da ta daɗe a ɗumi tana haifar da gubar da sake soyawa ba ta kashewa, kuma mai hanjin da ke farfaɗowa ba ya buƙatar ƙarin wahala. Taliyar ƙwai ta Sinawa da Indomie da sufageti da kuskus duka alkama ne. Siririyar taliyar shinkafa da ake kira mifen, da farar taliya mai kama da gilashi da ake yi da sitacin wake, wadda ta Longkou a lardin Shandong ta yi suna, su ne halal ɗinsa. Ba a tafasa su kamar tamu, a ruwan ɗumi ake jiƙa su har su yi laushi amma da sauran ƙarfi, a tsane, su ƙarasa nuna a kasko. Faffaɗar taliyar shinkafa ta ho fun, wadda ake soyawa da naman sa a Guangzhou, ɗanyarta wani lokaci ana ƙara mata sitacin alkama, saboda haka busasshiyar ta cikin leda mai rubutaccen haɗi ta fi kwanciyar hankali. Idan an gaji da shinkafa, dafaffiyar acca tana shan romon suya sosai, kuma ita ma ba ta da gulutin.

Hanjin babban mutum yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya warke sarai, amma idan kin kawar da duk abin da na lissafa kuma ciwon bai lafa ba bayan 'yan makonni, ku koma wurin likitan ya sake duba jininsa. Sai kuma tafiyarsa ta gaba. A gidajen abincin Guangzhou kaskon da aka soya taliyar alkama a ciki ruwa kawai ake watsa masa a goge da tsintsiyar gora kafin a ɗora girki na gaba, kuma soya sos yana shiga kusan komai, don haka farar shinkafa da kifin da aka turara ba a zuba masa sos ba da ganyen da aka tsoma a ruwan zafi sun fi masa aminci a can. Idan kuma zai sayo miki kwalabe ya taho da su, ki kwafa masa waɗannan haruffa biyu a waya, 小麦, ana karanta su xiaomai, ma'anarsu alkama; duk kwalbar da ya gan su a jerin kayan haɗinta ya mayar da ita kan kanta.